Rigar Sanyin Maharazu

Shekarar da kuɗin mai ya ɓarke, jiragen siminti suka yi layi a Legas, na tura ɗana Maharazu Landan ya karanto aikin gini. Kwangila ta yi mini yawa, ni kuma da babban yatsa nake sa hannu. Shekara na zagayowa, wani ɗalibi ɗan Jos, Katung, ya tsegunta mini cewa yaron ya watsar da gini, yana can yana karatun rubutun wasu mutanen da suka ƙare tuntuni a ƙasar Italiya, wai su Etruska. Na hau jirgi da tikitinsa na komawa gida a aljihuna.

Da na isa, Maharazu ya roƙe ni in gani da idona tukuna. Muka shiga tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, har unguwar Bloomsbury, zuwa wani makeken gidan tarihi. Ya tsayar da ni gaban wata baƙar tukunya cikin gilashi, ko miyar mutum biyu ba za ta ci ba.

"Baba, dubi bakinta. Daga dama suke rubutu, kamar ajami."

"To, me suka ce?"

"Ai tukunyar ce ke magana. Al'adarsu ce, in an yi kyauta sai a rubuta sunan mai kyautar a jikin abin, 'Wane ne ya ba da ni.'"

"Littattafansu fa?"

"Sun ruɓe, Baba. Harshen ma ba a gama gane shi ba."

"Wato sun sha wahalar koyon rubutu, abin da suka bar wa duniya gori. Shi ka bar siminti dominsa?"

Ya ce shi dai ba zai koma ba.

Na cafki wuyan rigar sanyinsa. "Wannan da za ta yi magana irin ta tukunyarka, me za ta ce? 'Alhaji Zailani ne ya ba da ni.' Takalmin ma haka."

Ya dube ni, ya ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya ninke rigar, ya ɗora mini a hannu. Ya sunkuya zai kwance takalmi, na ce ya bari, kada ya kunyata ni gaban Turawa. Ya fita cikin yayyafin Janairu daga shi sai 'yar shet.

Ni kaɗai na dawo. Rigar tana nan Kano, rataye bayan ƙofa. Na taɓa miƙa wa direbana ita, ya ce, "Alhaji, a zafin nan?"