Baƙon Ƙarfe Bakwai

Ni na raba Umma da muryar Baba, wata bakwai bayan rasuwarsa, kuma a lokacin gani nake gyara na yi.

Intanet ɗaya gare mu a gidan, Baba ne ya jawo ta tun yana da ƙarfinsa. Da ita Umma ke kallo, da ita Yaya ke aikinsa a ɗakin sama, da ita kuma telan da ke haya a shagon ƙofar gida ke tura wa mutane hotunan ɗinki. Telan mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya riƙe lambar sirri, duk wanda ya zo gwajin riga sai ya tafi da ita. Ranar da hoton wata mata da ba mu sani ba ya faɗo a talabijin ɗin falo, Yaya ya kira ni yana faɗa. Wai ina amfanin ƙanwa mai aikin haɗa kwamfutocin ofisoshi, alhali gidansu ya zama kasuwa? Na ji haushi, don gaskiya ya faɗa.

Ranar Asabar na zo da jakata. Aikin ba wuya. Waya ɗaya ce ke shigowa gida, sai ka yanka ta ɗaki-ɗaki a cikin na'ura, abin da muke ce wa bilan a wurin aiki. Kowa ta ƙofa ɗaya zai fita intanet, amma na wannan ɗaki ba ya ganin na wancan. Na ware wa shago nasa, Yaya nasa, Umma nata, na bar guda na baƙi.

Rautar, wato na'urar da ke raba intanet ɗin, tana kan kabad a ɗakin Baba, inda ba mai shiga sai don shara. Tabaransa na kan tebur a buɗe, yadda ya ajiye. Kowace waya ya naɗa mata farar takarda da rubutun hannunsa: falo, sama, shago. Na zauna a gefen kujerarsa, don na kasa zama a tsakiyarta, na buɗe jerin na'urorin gidan ina rabawa.

Guda ɗaya ba ta da suna. Da na duba tarihinta, sai na ga kullum ƙarfe bakwai na safe take shigowa, ta yi minti ɗaya ko biyu tana magana da wani abu a ɗakin Umma, ta ɓace. Ba ta taɓa fashi ba. Na ce wa kaina maƙwabci ne ya samu banza. Na tambayi Yaya, ya ce bai sani ba. Tela ya rantse ba tasa ba ce. Umma kuwa ban tambaye ta ba, don a wautata me Umma ta sani game da na'ura? Na jefa baƙon a ɗakin baƙi, na rufe, na tafi ina jin kaina.

Ranar Laraba Yaya ya sake kira, wannan karon murya ƙasa-ƙasa. Kwana huɗu ke nan Umma ba ta cin abin kirki, kuma hantsi yakan same ta zaune a bakin gado.

Haka na iske ta da rana tsaka. Ta fuskanci wata 'yar lasifika da ke kan akwatin gefen gado, wadda na sha gani na ɗauka rediyo ce.

"Babanku ya yi shiru," ta ce.

Na zauna a ƙasa.

A hankali ta gaya mini. Da ciwo ya kwantar da shi, in mun fita sai ya rufe ƙofa ya yi ta ɗaukar muryarsa. Ya shirya yadda bayan ransa kowace safiya guda ɗaya za ta zo mata ta lasifikar nan. Wata rana ya tambaye ta ko ta sha magani, wata rana ya tsokane ta kan shayinta mai sukari kamar zuma. Ya hana ta gaya mana, kada mu ce ta zautu. Ya kuma faɗa mata ba masu yawa ba ne, in sun ƙare sun ƙare.

"Na san zai ƙare, 'yar nan. Amma bai yi mini sallama ba. Labari yake ba ni ranar Asabar, ya ce gobe zai ƙarasa. Shekara arba'in, bai taɓa fita bai ce ya tafi ba."

Na koma ɗakinsa na yi ta birkita kaya har na same ta a bayan littattafai: 'yar kwamfuta kamar sabulun wanka, an jona ta da agogon wuta mai kunna ta da safe ya kashe. Halin Baba ke nan, ko fitila ba ya bari a kunne. A ciki akwai muryoyi ɗari biyu da goma sha uku, kowacce da lambarta. Na'urar ba ta san na toshe mata hanya ba, kullum sai ta karanta ta wuce gaba. Ta ƙarshe, da safiyar Larabar nan ta karanta ta. Baba ya yi bankwana da matarsa a ɗakin da ba kowa, kuma ni na kulle shi a ciki. Na kifa kaina a teburinsa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Na buɗe wata 'yar ƙofa tsakanin ɗakunan biyu, daga kwamfutar zuwa lasifikar kaɗai. Sannan na je na faɗa wa Umma abin da na yi, ban rage komai ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Na ce zan iya mayar mata da su tun daga ta farko, su yi ta zagayowa har abada.

Ta girgiza kai. "Kada ki mai da shi aku. Kwana huɗuna kawai za ki ba ni, ɗaya-ɗaya, yadda ya tsara."

Na mayar da lissafin baya da huɗu. Safiyar Lahadi, ranar ta ƙarshe, ina tsaye a bakin ƙofarta. Bakwai na bugawa na ji gyaran muryarsa, irin wanda yake yi in zai shigo gida. Na ja baya, don maganar ba tawa ba ce. Da ta fito ta ce a dafa mata shayi.

Na so in cire 'yar kwamfutar, Umma ta ce in bar ta. Har yau in na buɗe jerin daga ofis ina ganin ta. Ƙarfe bakwai take shigowa, ta haɗu da lasifikar Umma, ta yi minti ɗaya ba ta cewa komai, sannan ta fita.