Takalmin da Ke Kuka

"Taka, Jatau! Taka kamar soja, ba kamar mai jan taru ba!"

Jatau masunci ya buga ƙafa a gaban rumfar Abarshi baduku, takalmin ya ce ƙiiiƙ. Ya sake bugawa, ya sake cewa ƙiiiƙ. Masu tumatir suka bar tumatirinsu, kasuwar Madarumfa ta ɗauki shewa.

Tun da rediyo ta ce gwamnati za ta rage sayo kayan soja daga waje, dukawan ƙasa su kawo samfurin takalmi, Abarshi yake dariya shi kaɗai. Yau ƙarfe sha biyu buro ɗin Maraɗi, wato ofishin gwamnati, zai rufe karɓa. Wanda aka zaɓi nasa, shi za a ba sauran dukawa su kwaikwaya, ɗinki bisa ɗinki.

A kan awon ƙafar ɗansa Nura ya yanka fatar, Nura da ke soja can yamma, inda ake harbe-harbe. Tsakanin tafin da shimfiɗar ciki ya sa busasshiyar fata falle biyu, kamar yadda ubansa ya koya masa. Ita ke kukan. Duk angon da ya san kansa, daga Safo har Ɗan Issa, takalmin Abarshi yake sawa don a ji zuwansa.

"In ka zama babban mutum, kar ka manta da ƙafar da ta yi maka talla," in ji Jatau, yana sara wa wata akuya.

"Kai zan naɗa komandan kifi!"

Direban motar Maraɗi ya danna oda. Sai ga Inde, matar Abarshi, da ƙwarya a ka, tana haki tana dariya.

"Malam, wallahi tun daga bakin tafki nake jin sa! Duk dajin da Nura ya shiga da shi, kafin a gan shi an san ya iso."

Aka kwashe da dariya. Abarshi ma ya fara, sai ya tsaya cak. Ya dubi takalmin, ya daɗe yana dubansa.

"Cire, Jatau."

"Mota fa za ta tashi."

"Cire, na ce."

Jatau ya gane. Ya tsuguna, ya rage murya. "Kai shi haka, mutumina. 'Yan buro na son abu mai ƙara. In ka ci, ka gyara daga baya."

"In na ci, dukawa ɗari za su ɗinka shi haka. Wa zai bi su rumfa-rumfa?"

"Farke tafi da mayarwa wuni ne guda!"

"Na sani."

Ya sa wuƙa. Direba ya sake danna oda, ya yi tsaki, ya ja motarsa.

Bayan la'asar aka gama ɗinkin. Jatau ya sa takalmin ba tare da kowa ya ce masa ba, ya zaga ta bayan rumfa. Inde na zaune tana ɓarar gyaɗa, fuska a murtuke tun hantsi. Ya zo har bayanta ya tsaya, ya yi gyaran murya.

"Innalillahi!" Gyaɗa ta watse. "Jatau, Allah ya isa! Yaushe ka zo?"

Abarshi ya kife a kan tabarma yana dariya har da hawaye.

"Inde," in ji shi, "nemo mana wanda zai tafi yamma, ya kai wa Nura takalmin."