Randa Ta Uku

Lamara na durƙushe a bakin randa ta uku, ludayi a hannu, ta kasa haɗiye abin da ta kurɓa. Ta tofar, ta sake zura ludayin can ƙasa, ko Allah zai sa saman ne kaɗai ya lalace. Duk ɗaya. Jar giyar inabin da maƙwabcinta Guram ya yi wata da watanni yana cika baki a kanta ta koma ruwan tsami, har tana sukar hanci.

Ta juya murfin dutsen da ta ɗaga. Yumɓun da aka liƙe shi da shi ya tsage ta gefe guda, iska ta samu hanya. Ba sai an gaya mata yadda aka yi ba. A farkon sanyi, bayan ciwo ya riga ya cinye masa ƙarfin hannu, Guram ya kafe shi zai rufe wannan randar da kansa, don inabinta daga tsofaffin itatuwan mahaifinsa aka tsinko. Ta ce ya bari a kira wani ya danna masa yumɓun. Ya ce ranar da wani ya rufe masa randa, a ranar shi ma a rufe shi.

Daga baranda muryarsa ta iso, siririya amma da sauran tsiwa.

"Lamara, faɗawa kika yi a ciki?"

"Ina zuwa."

"Yaya take?"

"Ta yi," ta ce.

"Ta yi kawai?"

"Ta yi, na ce. So kake in taka maka rawa?"

Ta ji dariyarsa, wadda ta ƙare da tari. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar mijinta.

Shinge ɗaya ya raba gidajensu a wannan ƙauye na yankin Kakheti. Mijinta Shalva da Guram sun tsufa suna zagin giyar juna ta saman shingen nan. Guram ya ce ta Shalva wankin ƙafa kawai ta dace da shi, Shalva ya ce ta Guram ko akuya ta sha sai ta kai ƙara. Da Shalva ya mutu, Guram ne ya fi kowa kuka, ya kuma musanta har yau. Tunda matarsa ta rasu, ba shi kuma da ɗa, Lamara ce ke dafa masa abinci. Ita kaɗai ta san maganin asibiti ya kashe masa harshe, domin wata rana gishiri ya zarce mata a wake, ya cinye tas bai zage ta ba.

Likita ya sallame shi ya koma gida, kowa kuma ya san ma'anar irin wannan sallama. Abin da ya riƙe shi a duniya shi ne walimar yau. Duk shekara bayan bikin Ista, Tornike, mai ɗan shagon da ke sayar da giyar Guram a birnin Tbilisi, yakan zo da abokansa a buɗe sababbin randuna, kowace giya da abincin da aka dafa dominta. Biyun farko sun yi kyau. Ta ukun ce Guram ya ce da ita zai yi wa duniya sallama. In ya ji cewa hannunsa ne ya ɓata ta, Lamara ta san da baƙin cikin nan zai shiga kabari.

Ta fita ta ƙofar baya, ta tsallaka shinge zuwa gidanta. A ɗakin randunan Shalva, guda ɗaya ce ta rage a rufe, binne har wuya, rairayi a kanta. Ita ce giyarsa ta ƙarshe. Ya rufe ta ya ce kada a taɓa sai ranar auren ɗansu Gocha, wanda ke aikin gini a ƙasar waje, yake ta cewa baɗi. Randa kuwa in an buɗe ta an buɗe ke nan, ba a mayar da murfi a kan rabi a ce ta jira.

Ta daɗe a tsaye. Ta roƙi Shalva gafara a fili, ta ƙara da cewa ai shi ya jawo, da ya tafi ya bar ta da wannan tsohon mai taurin kai. Sannan ta sa fartanya ta share rairayin, tana kuka tana fasa yumɓu.

Da la'asar aka shimfiɗa tebur a ƙarƙashin rumfar inabi. Tornike da abokansa biyu suka ɗauko Guram da kujerarsa, an naɗe shi da bargo. Guram ya ce shi ne tamada, mai jagorantar sha, kamar kullum, kuma duk wanda ya kai kofi baki kafin ya gama magana ya koma Tbilisi da ƙafa. Baƙin sun zo da kofunan gilashi masu dogon wuya. Lamara ta kwashe su ta ajiye gefe, ta jera ƙananan kasake na yumɓu, ta ce a gidan nan da abin kakanni ake sha. Dalilinta daban ne. Sabuwar giya baƙa ce wuluk mai shuɗi-shuɗi, tsohuwa kuwa takan koɗe ta koma launin jan bulo. A gilashi ko makaho zai gane. A kasko ba a gani.

Ta kawo ta farko da wake na tukunyar ƙasa da cuku. Guram ya yi addu'ar zaman lafiya, aka sha, aka yaba. Ta kawo ta biyu da naman da aka gasa a garwashin rassan inabi, ya yi wa iyaye addu'a, aka sha. Shi taɓa leɓe kawai yake yi, idonsa na kan fuskokinsu. Da idon yake ɗanɗanawa yanzu, kuma ba ya barin ko motsin gira ya wuce shi.

Sai ta kawo farfesun rago mai ganye da ɗanyen 'ya'yan itace masu tsami, ta ɗauko tulun ta uku. Garin zubawa ta ɗiga a kan tebur, ta yi maza ta goge da gefen zanenta. Tornike ya kai kaskonsa hanci, ya tsaya. Mutum ne da ya san sana'arsa. Ya ɗago ya dube ta, bakinsa ya fara buɗewa. Ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur da dukkan nauyinta, ya rufe bakin.

Abin da ta manta shi ne juyin sha na uku na matattu ne. A wannan juyin ba a sha sai an ɗiga wa burodi rabon waɗanda suka tafi. Guram ya gutsuri farin burodi, ya karkata kaskonsa a kai kamar yadda ya yi duk rayuwarsa. Giyar ta ratsa burodin, ta bar launin jan bulo.

Ya daɗe yana kallonsa. Lamara ta dafa bayan kujera. Guram ya ambaci mahaifinsa da mahaifiyarsa da matarsa, ɗaya bayan ɗaya, bai ɗaga kai ba. Sannan ya ce su sha. Suka sha.

"Tornike, ɗana, faɗa mini gaskiya. Ta fi biyun farko?"

Tornike ya dubi Lamara, ya dubi tsohon. "Batono Guram, ranka ya daɗe, ban taɓa shan irinta a kan teburin nan ba."

Guram ya gyaɗa kai a hankali. "To ku ƙara, saura mutum ɗaya ban kira ba. Shalva, maƙwabcina. Ya jira sai da ya mutu sannan ya kayar da ni, ɗan banza."

Abokan Tornike suka yi dariya don ba su gane ba. Tornike bai yi ba.

Rana ba ta faɗi ba baƙin suka tafi. Lamara na tattara kasake, ta ƙi yarda su haɗa ido. Guram ya kira ta, ya ce ta zauna.

"Tawa fa?"

"Ta yi tsami."

"Duka?"

"Duka."

Ya ɗaga hannayensa daga cikin bargo, ya juya su yana dubawa, kamar na wani ne aka ba shi aro. Ta so ya zage ta, ya zagi yumɓun, ya zagi likita, ko ma waye. Bai zagi kowa ba. Ya tambaye ta me za a sha a auren Gocha. Ta ce ruwa, in yaron ya ga dama ya yi auren. Ya ce mata ita mahaukaciya ce, kuma Shalva bai cancance ta ba, sannan ya roƙe ta kada ta zubar da tsamin.

Daga ranar bai ƙara neman a fito da shi baranda ba. Ta dafa masa duk abin da ta san yana so, ta yi masa faɗa, ta yi masa ƙaryar cewa Tornike ya yi waya yana neman ƙari. Sai ya ce to, ya juya fuska bango. Kafin inabin rumfa ya yi fure ya rasu, da hantsi, tana wanke masa kofi a waje.

Sauran giyar Shalva aka sha a zaman makokinsa, mutanen ƙauye suna ta cewa Guram ya tafi da sirrin hannunsa. Ba ta gyara musu ba.

Bayan kwana arba'in ta hau maƙabarta da burodi da 'yar kwalba a cikin jaka. Daga randa ta uku ta ɗebo. Ta zauna a gefen sabuwar ƙasar, ta gutsuri burodin, ta ɗiga masa. Tsamin ya bugi hancinta har idonta ya kawo ruwa. Burodin ya sha, ya rine baƙi wuluk mai shuɗi-shuɗi, launin sabuwar giya. Ta ajiye shi a kan kabarin, wajen kai, ta juya gefen da ya rinu sama.