Butar Shayin Ilyasu

Kalmar da na tsana a duniya ita ce "sannu". Tun da motar kaya ta kife da ƙanena Ilyasu a hanyar Tanout, aka dawo mana da shi daga asibitin Damagaram ƙafafu ba sa motsi, ba abin da ake ce masa a garinmu Belbeji sai sannu. Ya yi atishawa, sannu. Ya ɗaga kofi, sannu.

Kafin haɗarin, Ilyasu ne mai dafa shayi a fada, wato dandalin hirar samarin unguwarmu, can gindin bishiyar bedi bayan kasuwa. Bakinsa kuwa ya fi barkono. Wanda ya fi shan wuya a hannunsa shi ne Attahir, ɗan kawunmu, taubashinsa. Tun suna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa, su saci hular juna, su ci mutuncin juna a gaban jama'a, mu kuma mu yi ta dariya.

Da ya samu keken guragu mai tuƙin hannu, sai ya tafi fada. Bai daɗe ba ya dawo, ya shige ɗaki.

"Yaya Lantana, ba ni ƙara zuwa," ya ce mini. "Ina isa kowa ya yi tsit. Aka ba ni kofin farko kamar baƙo. Na ce a miƙo buta in dafa, suka ce in huta. Attahir har da cire takalmi zai gaishe ni."

Daga nan ya daina fita. Yini yake yi yana kallon bango, keken na shan ƙura a zaure. Innarmu kuwa daɗi ta ji, tunda a ganinta ɗanta na inda ido ke kansa. Ni tsoro ne ya kama ni. Na ga yaron nan yana ƙarewa a gabanmu, kuma ba ƙafafun ne ke cinye shi ba.

Na tare Attahir a bakin rijiya yana ba awakinsa ruwa.

"Kai, Ilyasu mutuwa ya yi da kake masa ladabi?"

"Haba Yaya," ya ce, idonsa ya kawo ruwa. "Da wane bakin zan yi masa wasa yana cikin wannan hali?"

"Da bakin nan naka mai kama da na raƙumi. Ƙafa ya rasa, ba taubashi ba."

Na bar shi nan riƙe da guga.

Washegari da la'asar sai ga shi, ko sallama bai yi da kyau ba. Ya shiga ɗakin Ilyasu, ya fito da shuɗiyar butar shayinsa, wadda ko ni ba na taɓawa.

"Na ƙwace kayan bawana," ya ce da ƙarfi. "Mai so ya biyo ni fada."

Can muka ji Ilyasu na jan jiki. Ya hau keken da kansa, ya fita, ni da Inna muka bi shi daga nesa.

Duk wanda ya san garinmu ya san yashin da ke gaban bedin nan. Jaki ma sai ya yi nishi. Nan ƙafar keken ta nutse. Ilyasu ya murɗa, ya sake murɗawa, gumi na zuba, keken ko motsi. Inna ta zabura, na riƙe mata zane. Samarin fada duk suka miƙe tsaye, na ga "sannu" ta taru a bakunansu. Na ce a raina, in suka faɗe ta, shi ke nan, ya koma ɗaki ke nan.

Attahir ne kaɗai bai tashi ba. Ya ɗaga butar sama.

"Wai wannan ne direban? Tsohon jakin kakata a Tarka ya fi ka sauri!"

Inna ta dafe ƙirji. Ni kaina sai da na ce ko na jawo abin da ya fi ƙarfina.

Ilyasu ya share gumi, ya kalle shi sama da ƙasa.

"To me kake jira? Ubangidanka ya maƙale kana zaune? Taso ka tura, bawan banza. Kuma a hankali, kar ka shafa mini warin awaki."

Dariya ta ɓarke har mai gasa nama ya leƙo. Attahir ya taso da gudu yana tura keken, yana goge ido da hannun riga, wai yashi ne ya shiga. Suna isa inuwa Ilyasu ya fizge butarsa, ya ɗanɗana abin da ke ciki, ya tofar.

"Wannan shayi ne ko ruwan wanki? Ku ba ni gawayi."

Na ja Inna muka juya. Sai waiwaye take yi.

"Wa zai dawo mana da shi gida?"

"Shi zai dawo da kansa, Inna."

Sai da aka kira magariba ya shigo, riga duk toka. Inna ta buɗe baki za ta yi masa sannu, ya riga ta.

"Inna, gobe kar a jira ni da tuwo."