Keken Sabo a Cikin Yashi

Wata goma sha huɗu ke nan da ɓarin jikin Sabo ya shanye, kuma a tsawon wannan lokaci matarsa Khalida ba ta fita daga unguwar Aziziyya ta Madina ba sai in za a kai shi asibiti. Ita ke ɗaga shi, ita ke yi masa wanka, ita ke juya shi a kan gado. Don haka da ɗansu Umair ya zo da maganar a je a ga bahar, wato teku, abin da ya fara faɗo mata a rai shi ne ɗawainiya.

"Ummi, gaba da Badar ne kaɗan," in ji shi, rabi da Hausa rabi da Larabci, yana nuna mata hoto a waya. Wani farin yashi ne ya miƙe siriri cikin teku, ruwa dama da hagu. "Shekara talatin Abuya yana jan babbar mota zuwa Yanbu, bai taɓa tsayawa bakin ruwa ba."

Sabo, Abuyan nasa, ya ɗaga hannunsa mai lafiya, alamar yana so. Shi ke nan.

Ranar Asabar da hantsi suka bar Madina. Khalida na baya, kafaɗarta ta tokare mijin don kada ya zame. Baƙaƙen duwatsu suka yi ta wucewa, Umair na cewa a duba can, a duba nan, ita kuwa idonta na kan bakin Sabo tana goge masa miyau. A Badar Umair ya so ya zagaya da su tsohon masallaci da tudun rairayi, amma banɗakin gidan man da suka tsaya matakala gare shi, keken guragu na Sabo ba ya hawa. A bayan mota ta gyara mijin, Umair ya riƙe bargo ya kare su, ya kau da kai. Kafin su gama kowa ya jiƙe da gumi. Ta taga suka kalli masallacin suka wuce.

Daga nan ƙasa ta baje, sai raƙuma jefi-jefi. Can sai ga teku, shuɗi shar, yana bin gefen hanya. Kwalta ta ƙare, mota ta yi ta tangal-tangal har inda Umair ya ce ba zai ƙara gaba ba.

Suka sauke Sabo a kekensa. Taku goma ba a yi ba ƙafafun keken suka nutse. Umair ya tura, ya ja da baya, ya ɗaga gaba, Khalida ta kama gefe har ƙugunta ya amsa. Tsinin yashin na can nesa, fari fat.

"Khalas, ya isa," in ji Sabo, harshensa da nauyi. "Ku mayar da ni inuwa. Daga nan ma ina gani." Ya juyo da kyar. "Ummu Umair, je ki ke."

"In je in yi me? Lokacin maganinka ya kusa."

"Umair ya iya buɗe kwalba."

Sai ta cire takalmanta.

Yashin na da zafi da farko, daga baya ya yi sanyi, ya yi laushi. Tana tafiya yana ƙara tsukewa, har ya zamana in ta miƙa ƙafa dama ruwa, hagu ruwa. Iska ta cika mata abaya. A ƙarshensa ta zauna daɓas, ruwa ya jiƙa mata gefen riga, ba ta janye ba. Ƙananan ƙaguwa suna ta shiga ramukansu. Ta kasa kunne, kamar yadda ta saba, ko za a kira ta. Babu komai sai motsin ruwa. Sai a lokacin ta ji yadda bayanta ke ciwo, da wuyanta, da yatsunta. Ta yi zaton za ta yi kuka, amma hamma ce ta zo, ta yi ta yi har idonta ya kawo ruwa.

Ta ji ƙahon mota sau ɗaya. Ba ta tashi ba. Da aka sake busawa ma sai da ta ƙara zama kaɗan.

Ko da ta dawo, Umair ya zubar da rabin ruwan maganin a ƙirjin uban, fuskarsa duk a rikice.

"Wallahi Ummi, ban san haka abin yake ba. Kullum haka kike yi?"

"Sau uku," ta ce, ta karɓi tsumma.

Sabo ya dube ta. "Yaya can ɗin?"

"Da iska. Ruwan har ƙasansa ake gani."

Ya gyaɗa kai ya lumshe ido.

Shinkafar da ta dafo suka ci a cikin mota, yashi na ƙaras-ƙaras a haƙori. Umair bai ko tayar da zancen kasuwar kifi ta garin Rayis da ya yi niyyar kai su ba. Da za su juya ya buɗe mata ƙofar gaba, ya tokare uban da matasai biyu a baya, ya ɗaure shi da bel. Khalida ta ce ba zai zaunu haka ba, ta waiwaya sau biyu tana dubawa. Kafin su hau kwalta barci ya ɗauke ta.