Famfon Baffa da Kifin Zuliha

Famfon da ke ƙofar gidan Alhaji Ishiyaku a Birnin Kudu sadaka ce. Shi ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ja bututu, ya ce ladan na mahaifiyarsa ne. Duk unguwa a nan take ɗiba. Shi ya sa da aka ga motar Hambali direba tana sauke jarkokin ruwa daga Gwaram, a gindin famfon kuwa, sai magana ta tashi.

Jarkokin na Zuliha ne, 'yar ƙanen Alhaji, malamar kimiyya da ke zaune a ɗakin baya. Tana da akwatin gilashi mai ƙananan kifaye masu jan wutsiya, na kallo ba na miya ba. Duk mako takan kwashe wani kaso na ruwan ta zuba sabo. Tun da ta fara zuba na famfo kifayen suka daina ci, suka lafe a ƙasa, biyu suka mutu. Ta ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ta ɗiga maganin gwaji, ya yi jawur. Naitiret ne, abin da takin zamani ke bari a ƙasa, ya tsiyaya daga gonaki zuwa rijiyar. Ita da take canjin ruwa don ta rage shi, ashe ƙara shi take yi.

Ta gwada na rijiyar goggonta Hajjo a Fagam, can ƙasar Gwaram, bai yi ja ba. Daga nan Hambali ya fara kawo mata.

Alhaji ya tare ta a zaure bayan la'asar.

"Zuliha, an ce ruwana guba ne."

"Ban ce ba, Baffa. Cewa na yi kifina ba sa iya zama a cikinsa."

Ya sa aka kawo masa moɗa cike. Ya ɗaga ta wajen haske, ya shinshina, ya kurɓa.

"Launinsa ya canja?"

"A'a."

"Ɗanɗanonsa fa? Ko wari kika ji?"

"Babu ko ɗaya."

"To, ruwan da ukun nan ba su canja ba, mai tsarki ne, mai tsarkakewa. Tun muna yara muka karanta. Ko a can inda kika yi boko an sake hukuncin?"

"Ba a sake ba. Da shi nake alwala. Amma kifi ba alwala yake yi ba, Baffa, a ciki yake kwana."

Ta nuna masa kwalbar. Ya ture ta da bayan hannu.

"Ke kika zuba masa jan abu, sannan ki ce ya yi ja! Ki ji da kyau. Daga yau ruwan wani gari ba zai ƙara ratsa zauren nan ba. Ko ki ba su na famfo, ko su bushe."

Washegari ta ce wa Hambali ya bari.

"Malama, in zagaya da su ta katanga mana," in ji shi. "Kifin nan sun zama fasinjojina."

"Ban yi sata ba, ba zan yi aikin ɓarayi ba."

Mako ya wuce, wani ya bi. Ta rage musu abinci don ƙazanta ta ragu. Ta tsoma dankalin Hausa a bakin akwatin, saiwoyinsa suka sauka farare suna shan abin da za su iya na naitiret ɗin. Duk da haka kwalbar gwaji sai ƙara duhu take. Babbar macen cikin kifayen ta fara karkacewa. Famfo yana nan a ƙofar gida yana zuba, Zuliha ba ta ɗiga musu ko cokali ba.

Ran Talata da hantsi hadari ya taso daga gabas. Ta bar makaranta ta hau acaɓa. Ta tsaya ruwan farko ya wanke kwanon rufi, sannan ta jera baho da bokitai da tukunyar biki a ƙarƙashin indararo. Ta tace da tsumma. Ta surka da ɗan na famfo kaɗan, don ruwan sama zalla ba shi da gishirin ƙasa da kifi ke buƙata. Ta gwada: rawaya, babu alamar ja.

Tana ɗauke da bokiti Alhaji ya leƙo, babbar riga a kansa.

"Me na ce miki?"

"Ka ce kada ruwan wani gari ya ratsa zaure. Wannan ta sama ya shigo. In kana da magana, ka san Mai shi."

Ya dubi indararon, ya dubi tukunyar bikin matarsa.

"Damina ai wucewa take yi."

"Na sani. Hambali zai kawo mini ganguna daga Gwaram, in tara na sama." Ta gyara riƙon bokitin. "Babu komai a ciki, Baffa. Kana iya leƙawa a zaure."

Ta wuce shi ta shiga ɗaki, ta fara zubawa a hankali ta gefen gilashi don kada ta firgita kifayen.