Bangon Da Yake Kallo

Ta tsoma buroshi a gwangwani na biyu, ta shafa fenti ruwan madara a bango kusa da shuɗin da ta riga ta shafa. Fentin ya gangaro mata har gwiwar hannu.

"Kin cika buroshin, Injiniya," in ji maigidanta daga kan gado. "A wurin aiki da tuni na kore ki."

Ta yi murmushi ba ta juyo ba. Shi mai fenti ne. Ya gyara gidajen mutane ba iyaka, amma ɗakinsa har yau siminti ne tsirara, kullum sai ya ce sai ya samu sarari. Tun da ya faɗo daga tsani, wannan bangon yake wuni kallo. Likita ya ja ta gefe ya ce lakar bayansa ta taɓu, ba zai ƙara takawa ba. Ta haɗiye maganar, ta ce masa jinya ce mai ɗan tsawo.

Ta tambaye shi wanne ya fi. Ya ce shuɗin ya fi sanyi a ido, amma na ruwa ne, ba ya jure datti. Ruwan madarar kuwa na mai ne, ƙyallinsa yana gajiyar da mutum. Sannan ya ce ta rufe gwangwanayen, idan ya miƙe shi zai yi da hannunsa.

"Ka dai zaɓa, Maigida."

Ya ce gaggawar me take yi, bango ba guduwa zai yi ba. Ta sake cewa ya zaɓa. Ita da ba ta taɓa maimaita masa magana ba.

Ya daɗe yana kallon bayanta. Fentin yana ɗiga daga buroshin zuwa ƙasa, bai yi mata faɗa ba. Ya dubi ƙafafunsa a ƙarƙashin mayafi, ya mayar da ido bango.

"Shafa na man," ya ce a hankali.

"Ai shuɗin ka fi so."

"Na man yana wankuwa. Bangon gefen gadon mara lafiya sai da wanki. Kuma yana shekaru bai koɗe ba."

Ta durƙusa ta rufe shuɗin, ta danna murfin da tafin hannu.

"Fara daga sama," in ji shi. "Ki riƙe tsanin da kyau."